Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyinmu na Hausawa a Landan: mu kai yaranmu Tate Modern da dare

Assalamu alaikum iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, malamanmu, da duk masu riƙe da ragamar ƙungiyoyin Hausawa a nan Landan da kewaye. Ina gaisuwa, ya sanyi, ya ɗawainiya da jama'a. Allah ya saka da alheri, don wallahi ba mu manta ba, in an yi rasuwa ku ne a gaba wajen jana'iza da kuɗin makabarta, in an yi haihuwa ku ne, in sabon ɗalibi ya sauka bai san gabas ba bai san yamma ba ku ake kira. Na fara da wannan ne don kar a ɗauka raini ya sa na rubuto a fili. Na so in yi maganar a miting ɗin da ya wuce sai lokaci ya ƙure a kan kuɗin hayar hol na Sallah, a gurup ɗin WhatsApp kuma kun san yadda magana take nutsewa cikin sanarwar biki da bidiyoyi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta da tsawonta kowa ya gani.

Maganar ita ce, akwai wani gida a bakin kogin Thames, Tate Modern, gidan baje kolin zane da sassaƙa na zamani, wanda kusan kowane wata suke buɗe shi da dare, galibi Juma'ar ƙarshen wata, daga shida na yamma zuwa goma na dare. Tate Modern Lates suke ce wa shirin, tun 2016 suke yi, kuma shiga kyauta ne. Ina roƙon ku da mu shirya mu riƙa zuwa a ƙungiyance, mu da matasanmu, daga baya kuma mu nemi a ba mu fili mu ma mu nuna namu a ciki. Na san wasu daga jin haka za su ce toh fa, Hajiya ta zo da sabon salo. Ku dai bari in ba ku labarin yadda aka yi na je.

'Yata ce ta ja ni. Shekararta 19, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma in ka yi mata magana da Turanci take amsawa, irin na yaranmu dai. Wata Juma'a a lokacin sanyi na tashi daga shif a gidan kula da tsofaffi, ƙafafuna kamar ba nawa ba, ta kira ta ce Mama ki same ni a tashar Blackfriars akwai abin da nake so ki gani. Na ce mata dare ya yi, ta ce Mama ƙarfe shida ne fa. Da gaskiyarta, ƙarfe shida ne, duhun hunturun ƙasar nan ne yake ruɗa mutum. Na riga na yi Magariba da Isha, ba ni da wata hujja, na je.

Wanda bai taɓa shiga ba, tsohuwar tashar wutar lantarki ce da ta daina aiki a 1981, aka gyara ta aka buɗe a shekara ta 2000, har yanzu doguwar hasumiyar hayaƙin tana nan tsaye, mita 99, tana kallon cocin St Paul a ƙetaren ruwa. Kana shiga ƙasa take gangarawa da kai zuwa wani makeken zaure inda injinan suke a da, tsawonsa mita 155, rufinsa can sama kamar hawa goma. A daren cike yake da matasa, wasu a zaune a ƙasa suna hira, ga mai saka kiɗa can gefe, ga tebura an jera ana koya wa mutane buga zane a kan ƙyalle da takarda, kyauta, kowa ya zo ya zauna a miƙa masa kayan aiki. A sama kuma ma'aikata suna yin ɗan jawabi na minti goma a gaban aiki ɗaya, su gama su bar ka da tambayoyinka. Abin da ya fara tsaya min a rai, na ga 'yan mata da hijabi, ƙungiya ƙungiya, daga ganinsu Somaliyawa da 'yan Bangaladash, har da wata dattijuwa da suka riƙo mata hannu. Na ji Yarabanci, na ji Larabci. Na yi ta baza kunne ko zan ji Hausa, har muka fita ban ji ba sai tawa.

Abin da yarinyar take so in gani shi ne baje kolin da suka buɗe a Oktoban 2025 a kan masu zanen Najeriya na zamani. Wannan ɓangaren na kuɗi ne, na biya nawa cikakke, ita kuma fam 5 kawai ta biya, don suna da tsari na 'yan shekara 16 zuwa 25, Tate Collective, rajista kyauta, tikiti fam 5. Muna cikin zagayawa sai ga mu gaban tukwanen Ladi Kwali.

Iyayena, na tsaya cak. Randuna ne, irin mai faɗin ciki da ɗan ƙaramin baki, an zana musu ƙadangare da kunama da kada da kifi a jiki, layi layi, irin zanen da ake yi da tsinke tun yumɓu yana ɗanye. An ɗora su an haska musu fitila kamar zinare. 'Yata ta karanta rubutun jikin bango ta juyo ta ce Mama kin san ta? Na buɗe jaka na zaro wata tsohuwar naira ashirin da take maƙale a aljihun ciki tun zuwana gida na ƙarshe, na juya bayanta na ce ga ta nan tana ginin tukunya. Yarinyar nan ta riƙe takardar ta kalli kuɗin ta kalli randar, ta sake kallon kuɗin. Sau nawa ta je Kano hutu, sau nawa ta sayi alawa da wannan ashirin ɗin, ba wanda ya taɓa gaya mata wace ce matar, ni ma da na haife ta ban gaya mata ba.

Sai na hau ba ta labari. Na ce Bagwariya ce daga Kwali, Sarkin Abuja na wancan lokacin, Sulaimanu Barau, shi ya riƙa tara tukwanenta a gidansa, a can wani Bature maginin tukwane Michael Cardew ya gan su, da ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, wato Suleja ta yanzu, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Na ce mata amma kin ga waɗannan da aka shafa wa sheƙi aka gasa da wuta mai tsanani, ba za su sanyaya ruwa ba, randar kakata da ke gindin bishiya a tsakar gida jikinta yana tsattsafo da ruwa, wannan tsattsafowar ce take sa ruwan ya yi sanyi ƙalau da ɗan ƙamshin ƙasa, a rufe da faifai a ɗora moɗa a kai. Ina cikin bayani ashe mutum uku sun matso suna saurare, 'yata tana juya musu da Turanci, wani saurayi har yana tambayar mene ne moɗa. A hanyar komawa cikin jirgin ƙasa, yarinyar da ke amsa min da Turanci ta ce min da Hausa, Mama randar Kaka tana nan har yanzu? Na kasa amsawa, sai da na juya na kalli taga.

A cikin baje kolin nan akwai ayyukan ɗaliban Zariya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958 a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Jimo Akolo. Nawa ne a cikin shugabanninmu a Samaru suka yi karatu? Kuna wucewa ta gaban sashen zane kullum. Ga sunan Zariya a bangon ɗaya daga cikin manyan gidajen zane na duniya, mutane suna tsayawa suna karantawa, Bazazzagi ko ɗaya babu a wajen da zai ce ni garinmu ne. Kafin wannan ma, daga Oktoban 2023 zuwa Afrilun 2024, wancan makeken zauren El Anatsui suka bai wa, ɗan Gana da ya koyar shekara da shekaru a Nsukka, ya rataye wasu manyan mayafai da aka ɗinka da murafen kwalabe da wayar tagulla, tun daga rufi har kusa da ƙasa. Wannan ma ya zo ya wuce, ba mu sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya fi damuna shi ne dare. Mu fa al'adarmu da dare take fitowa. Wa ya taɓa yi muku tatsuniya da rana? Sai an ci tuwo an shimfiɗa tabarma sannan a ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Dandali da farin wata, gaɗa, kacici-kacici, tashe in azumi ya kai goma, hirar zaure, duk na dare ne, rana ta gona ce da kasuwa. Muka zo ƙasar nan daren ya kuɓuce mana, uwa tana shif, uba yana tuƙi, yaro yana ɗaki shi da waya ya rufe ƙofa, wanda ya ɗan girma kuma ya ce zai je wajen aboki ba ka san ina ne wajen abokin ba. Taron da muke yi musu kuma, ku yi min haƙuri iyayena, hol ne da babban teburi da jawabi bayan jawabi, a gabatar da manyan baƙi, a ci shinkafa, matasan suna can kujerun baya kansu a sunkuye, da an ce a yi addu'ar tashi sun riga kowa fita. Muna yi da kyakkyawar niyya, amma ba ya kama su, kowa ya sani. Ga shi wasu sun gane cewa matashi da mai aikin rana ba su da lokaci sai dare, suka buɗe musu ƙofa, ba Tate kaɗai ba, gidan tarihi na Victoria and Albert (V&A) ma yana da irin nasa daren Juma'ar, a Barlin tun 1997 suke dogon daren gidajen tarihi. Abin da kakanninmu suka sani tun tuni shi mutanen nan suke yi, da fitilu da lasifika.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana ranku, don ni ma yana raina kuma ba zan ɓoye ba. Eh, ana sayar da giya a wajen. Akwai kiɗa, wani lokaci da ƙarfi. Akwai ɗakunan da ke da hotunan da ni kaina na kawar da kai na ja 'yata muka wuce. Maza da mata a haɗe suke. Duk gaskiya ne, wanda ya ce muku babu ya yi muku ƙarya. Amma ku duba, gidan nan gini biyu ne, sabon da aka ƙara a 2016 hawa goma ne, ɗakuna ba iyaka, inda ake shaye-shaye daban inda zane yake daban, ba a shiga ɗakunan zanen da kofi a hannu. Kantin da muke sayen madara da burodi kullum akwai layin giya guda a ciki, muna ɗaukar namu mu fito. Kuma yaranmu suna zuwa irin waɗannan wuraren, da mu da babu mu, makaranta ma tana kai su da rana. Ni na fi son ranar da 'yata za ta tsaya gaban abin da bai dace ba ya kasance ina gefenta, ta ga yadda na yi, ta tambaye ni dalili in gaya mata. Maganar hukuncin hoto da sassaƙa kuwa ta malamai ce, ba zan shiga ba, sai dai in roƙi malamanmu mutum ɗaya ko biyu su je da kansu da rana tukuna su zagaya, su dawo su ce mana ga inda za a bi ga inda za a bari. Zuwa da kai ya fi aike.

In sun je ina so su nemi labarin Ibrahim El-Salahi. Ɗan Sudan ne, an haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne, kuma daga harufan Larabci da ya taso yana rubutawa a allo zanensa ya tsiro. A 2013 Tate Modern ta yi masa baje koli na ayyukan rayuwarsa gaba ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da suka yi wa haka. Da na ji wannan sai na tuna allon zayyana na yayana ranar saukarsa, ja da kore da rawaya, da tawadar da aka dafa a gida da alƙalamin gamba. Mu ba mu taɓa kiran wannan fasaha ba, allo ne kawai, an gama walima an jingine shi bayan ƙofa. Haka aska takwas a gaban babbar riga, haka zanen hula, haka dagi a bangon soro, haka rinin Ƙofar Mata, haka lalle a hannun amarya. Muna da kaya, a akwatunanmu suke a nan Landan ɗin, ƙarƙashin gado.

Toh ga roƙona. Mu fara da ƙarami, dare ɗaya. A zaɓi watan sanyi, Nuwamba ko Janairu, saboda a lokacin Magariba wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar saura take, kowa zai iya yin Isha ya fito hankali kwance. Da bazara ne abin yake da wuya, Magariba sai bayan tara, ta faɗo tsakiyar shirin, in mun kai lokacin sai a rubuta musu tun da wuri a tambayi inda za mu yi salla. A duba shafinsu a tabbatar da ranar don takan canza. A haɗu a tashar Southwark ko Blackfriars, iyaye mata da 'yan mata rukuni ɗaya, maza da samari rukuni ɗaya in an fi son haka, kowane rukuni da babba. Goma an tashi, kuma daren Juma'a layin Jubilee da na Central kwana suke suna aiki, ba maganar a rasa abin hawa. Kuɗin da ƙungiya za ta kashe bai wuce ta biya wa yaran da iyayensu ba su da hali tikitin fam biyar biyar ba, bai kai kuɗin lemon taro ɗaya ba.

Amma don Allah matasan za a bar wa jagoranci. Su suka san wajen, su za su zaɓi ɗakunan da za a shiga, su za su yi mana bayani, mu kuma in an zo kan abin da muka sani mu buɗe baki. Kar a je a kafa musu babban teburi a can ma. Yaro in ya ga Alhaji mai furfura ya tsaya yana sauraronsa yana cewa ƙara min bayani, wallahi wannan daren ba zai manta shi ba har ya tsufa.

In mun je sau biyu sau uku mun saba da wajen an saba da mu, sai a kafa ɗan kwamiti, matasa su fi yawa a ciki, a rubuta wa masu tsara shirin daren a ce ga abin da al'ummar Hausawa za ta iya kawowa. Suna aiki da ƙungiyoyi da masu fasaha daga waje, haka shirin yake tafiya. Teburin zayyana, a kawo alluna da tawada wani alaramma ya nuna yadda ake fitar da zanen. Teburin lalle, wannan kam layi zai yi har ƙofa. Mai ɗinkin hula da allurarsa mutane su ga kwana nawa hula ɗaya take ci. Sannan a samu ɗaki mai ɗan duhu a shimfiɗa tabarmi, wata gwaggo ta zauna ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Hausa, jikarta tana juyawa, in akwai mai gurmi ko kukuma ya ɗan taɓa a hankali. Za su iya cewa eh, za su iya cewa ba yanzu ba. In sun ce ba yanzu ba, akwai ƙananan gidajen zane a unguwanninmu da ɗakunan karatu na ƙaramar hukuma da za a gwada a can tukuna, a ɗauki hotuna a sake komawa da su a hannu. Kuma duk wanda ya zo ya nuna sana'arsa a biya shi, kar a ce masa don Allah don Annabi ka taimaka wa al'umma, da yawansu aikin dare suke bari su zo.

Nawa ɓangaren, ni zan ɗauki nauyin rukunin farko na mata, na riga na yi magana da ƙawayena huɗu sun amince, 'yata kuma ta ce ita da ƙawayenta za su tsara hanyar da za a bi a ciki su turo a gurup. Abin da nake nema a wajenku shi ne a sa maganar a ajandar miting mai zuwa, a ba ni minti goma kafin a shiga maganar kuɗi, kuma a samu namiji babba ɗaya da zai tsaya wa samari. Zan zo da naira ashirin ɗin.

Allah ya ƙara girma, ya shirya mana zuri'a.

'Yarku kuma 'yar'uwarku,
uwar yara biyu daga kudancin Landan